Labarin Galuwa Da Asalin Ilmin Rukuni

Akwai wata mas'ala ta lissafi wadda ta gagari masanan Turai kusan shekara 300, manya masu furfura suka yi ta fama da ita har suka koma ga Mahaliccinsu. Wanda ya kama bakin zarenta kuwa wani saurayi ne Bafaranshe, wanda bai cika shekara 21 a duniya ba. Sau biyu yana neman shiga makarantar da ya ke so ana hana shi, wadda ya samu kuma aka kore shi daga cikinta, har kurkuku sai da ya sha. Sunansa Evariste Galois, amma a bakin mutanensu Galuwa a ke cewa. Ba a gane girman abin da ya yi sai an san mas'alar kanta, saboda haka daga can ya kamata a faro.

A zamanin Halifa Ma'amun, wajen shekara ta 820, an yi wani malami a Bagadaza ana ce masa Muhammadu ɗan Musa Alhawarizmi. Ya wallafa littafi a kan hisabin aljabru da muƙabala, daga sunan littafin nan ne kuwa Turawa suka sami kalmar aljabara. Babban yanki na littafin a kan gado da wasiyya ya ke, don haka duk wanda ya taɓa zama gaban alƙali ya ga ana fid da tumunin takaba da sudusin uwa, ya riga ya ga irin bukatar da ta haifi wannan ilmi. Aikin aljabara shi ne a nemo lambar da aka ɓoye. Ga misali. Wata lamba ce, an riɓa ta da kanta, sa'an nan aka tara abin da ya fito da lambar nan sau 6, aka sami 16. Wace lamba ce? Hanyar malamin ita ce a ɗauki rabin 6, watau 3, a riɓa shi da kansa, 9 ke nan, a tara da 16, ya zama 25. Sai a fid da tushen 25, watau lambar da in an riɓa ta da kanta za ta ba da 25, ita ce 5. A ɗebe 3, saura 2. Gwada ka gani, 2 sau 2 da 2 sau 6 in an tara, 16 ne daidai.

Irin wannan ita a ke kira mas'ala mai hawa biyu, domin sau biyu aka jera lambar da aka ɓoye ana riɓawa. In sau uku aka jera ta, mai hawa uku ke nan, haka har sama. Abin lura shi ne, ko an sake 6 da 16 an sa waɗansu lambobi, hanyar ba ta sakewa, kayan aikin kuma biyar ne rak: tarawa, ɗebewa, riɓawa, rabawa, da fid da tushe.

Mai hawa uku sai a ƙasar Italiya aka sami hanyarta, bayan shekara kamar 700. Wani malami na Bologna, Scipione del Ferro, shi ya fara ganowa, ya ɓoye har ya mutu a 1526, domin a zamanin nan masana lissafi gasa su ke yi a bainar jama'a, mai asiri shi ke cinye abokin karawa. Wani kuma mai i'ina, Tartaglia, ya sake gano ta a 1535. Likita Cardano ya yi ta lallashinsa har ya gaya masa bisa rantsuwa cewa ba zai bayyana ba, amma a 1545 sai ga ta a cikin littafin Cardano, tare da hanyar mai hawa huɗu wadda almajirinsa Ferrari ya gano. Tartaglia bai yafe ba har ya mutu. Daga nan kowa ya ce saura mai hawa biyar, yau ko gobe. Ashe goben tana da nisa.

Wanda ya fara sake wa tambayar fuska shi ne Lagrange, haifaffen Turin, wanda a lokacin yana aiki a birnin Barlin. A 1770 da 1771 ya fid da wani dogon bincike inda ya bar neman sabuwar dabara, ya koma yana tambaya, me ya sa dabarun mutanen da suka yi aiki? Mas'ala mai hawa uku amsa uku gare ta, mai hawa huɗu amsa huɗu, mai biyar biyar, in an haɗa da waɗansu irin lambobi waɗanda ba a ƙidaya kaya da su. Lagrange ya jera amsoshin nan kamar baƙi a kan tabarmi, ya riƙa musanya musu wuri yana duban abin da zai faru. Baƙi 3 ana iya jera su iri 6, baƙi 4 iri 24, baƙi 5 kuwa iri 120. Ya lura da wani abu: in aka haɗa wani lissafi da amsoshin, aka yi ta musanya su ta kowace hanya, yawan sakamako daban-daban da za su fito kullum yana raba yawan jerin ba saura. A cikin 24 a kan sami 2, ko 3, ko 6, ko 12, amma ba a taɓa samun 5 ko 7 ba.

Dalilin wannan yana da sauƙin gani a jikin agogo. Ɗauki ayyuka 12: tura hannun agogo gaba awa 1, tura shi awa 2, har zuwa awa 12, wanda ke mai da shi inda ya ke. In ka tura 9 ka ƙara 5, daidai ya ke da ka tura 2. Watau kowane aiki biyu ka haɗa, abin da ya fito yana cikin 12 ɗin nan. Akwai aikin da ba ya sake kome, shi ne 12. Kowane aiki kuma yana da mai warware shi, 4 ta warware 8, 1 ta warware 11. Duk tarin ayyukan da ya cika waɗannan sharuɗɗa shi masana ke kira rukuni.

To, ware 3 da 6 da 9 da 12 ka ajiye gefe. Haɗa kowace biyu daga cikinsu, ba za ka fita daga cikinsu ba: 6 da 9 su ba da 3, 9 da 9 su ba da 6. Ashe su ma rukuni ne, ƙarami a cikin babba, kamar sashen gida mai ƙofarsa a cikin babban gida. Ba kowace ɗiba ce ke zama ƙaramin rukuni ba. In ka ɗauki 5 da 10 da 12, da ka haɗa 5 da 10 sai ka faɗa kan 3, ka fita waje.

Yanzu ƙara 1 a kan kowace ɗaya ta huɗun nan, za ka sami 4, 7, 10, 1. Ƙara 2, za ka sami 5, 8, 11, 2. Shi ke nan, 12 sun ƙare, an kasa su kashi uku, kowane kashi huɗu-huɗu, kamar yadda mai tumatir ke kasa kayanta a kasuwa ba kashin da ya fi wani. Ba lambar da ta kwana waje, ba kuwa wadda ta shiga kashi biyu. In ka ce bari ka ƙara 7 ko za ka sami sabon kashi, 10, 1, 4, 7 za su fito, watau kashin da ka riga ka samu ne ya sake jeri. Tun da ya ke ƙaramin rukuni kullum haka ya ke kasa babba kashi-kashi daidai wa daida, tilas ne yawansa ya raba yawan babban ba saura. Saboda haka ko a kwana ana nema ba za a sami ƙaramin rukuni mai ayyuka 5 ko 7 a jikin agogo ba. Wannan ƙa'ida har yanzu da sunan Lagrange a ke kiranta, ko da ya ke shi bai faɗe ta da wannan siga ba, kalmar rukuni ma ba ta shiga lissafi ba tukuna a zamaninsa.

Da Lagrange ya gwada dabararsa a kan 120 na mai hawa biyar, maimakon mas'alar ta ragu sai ta ƙaru. Wani likita Ba'italiye, Paolo Ruffini, ya fito a 1799 ya ce dalilin shi ne hanyar babu ita sam, amma hujjarsa tana da giɓi, mutane kuwa ba su kula shi sosai ba. Wanda ya tabbatar shi ne Niels Abel, wani matalaucin saurayi na ƙasar Norwe, a 1824. Da kuɗinsa ya buga hujjar, ya matse ta a shafi 6 don tsadar maɗaba'a. Tarin fuka ya kashe shi a watan Afrilu 1829 yana da shekara 26. Abel ya nuna babu hanya guda mai warware kowace mas'ala mai hawa biyar da kayan aikin nan biyar. Amma waɗansu suna warwaruwa, misali lambar da in an jera ta sau biyar ana riɓawa za ta ba da 32, kowa ya san 2 ce. To, yaya za a bambanta mai warwaruwa da marar warwaruwa? Nan Abel ya bar maganar.

An haifi Galuwa ran 25 ga Oktoba 1811 a Bourg-la-Reine, wani ɗan gari kusa da Faris, inda ubansa ya yi magajin gari. Uwarsa ce ta koya masa karatu a gida har ya kusa shekara 12, sa'an nan aka kai shi makarantar kwana ta Louis-le-Grand a Faris a 1823. Yana wajen shekara 15 lissafi ya shiga ransa, ya watsar da littattafan yara ya kama karanta na manyan masana, har da na Lagrange. A 1828 ya zauna jarrabawar Polytechnique, makarantar da ta fi kowace suna a fannin lissafi a Faransa, ya faɗi. A watan Yuli 1829 abokan gabar ubansa, har da limamin cocin garin, suka ƙaga waɗansu baitoci na cin mutunci suka ce shi ya yi su, baƙin ciki ya sa ya kashe kansa. Ba a jima da binne shi ba yaron ya sake zama jarrabawar, ya sake faɗuwa. Sai ya shiga makarantar horon malamai.

Duk cikin wannan hali yana rubutu. A 1829 ya aika wa Majalisar Masana ta Faris takardunsa, aka ba babban malami Cauchy ya duba, ba a kuwa buga su ba. A farkon 1830 ya sake rubutawa ya miƙa don gasar da Majalisar ta sa. Magatakardanta Fourier ya karɓa, ya mutu a watan Mayu, aka nemi takardar aka rasa. A watan Yuli na shekarar mutanen Faris suka yi bore suka kori Sarki Charles na Goma, aka naɗa Louis-Philippe. Shugaban makarantar su Galuwa ya kulle ƙofa ya hana ɗalibai fita, Galuwa kuwa yana cikin masu son a kau da sarauta gaba ɗaya a kafa jamhuriya. Ya rubuta wasiƙa a jarida yana sukar shugaban, aka kore shi.

A watan Janairu 1831 ya miƙa takarda ta uku. A watan Mayu, a wurin wata walima, ya miƙe da wuƙa tsirara a hannu ya ambaci sunan sabon sarki, aka kama shi, kotu ta sallame shi. Ran 14 ga Yuli aka sake kama shi ɗauke da makamai, sanye da kayan wata rundunar da gwamnati ta rushe, aka kai shi kurkukun Sainte-Pélagie. Yana can hukuncin Majalisar Masana ya same shi. Malam Poisson, wanda aka ba duba takardar, ya ce bayanin bai fito sarari ba har da za a yanke ko daidai ne, ya ba da shawara yaron ya rubuta aikinsa duka a cike. Mutane sun daɗe suna zagin Poisson a kan wannan, amma in za a yi adalci laifin ba nasa ne shi kaɗai ba. Galuwa rubutu ya ke yi kamar mai gudu, ya tsallake tsani uku ya ce a bayyane ya ke, ga shi kuwa da zafin kai, ba ya son a ce masa ya sake.

A watan Maris 1832 annobar kwalara ta sa aka mai da shi wani gidan jiyya, aka sake shi a ƙarshen Afrilu. Bayan wata guda ya shiga rigima da wani, wasiƙunsa sun nuna akwai maganar mace a ciki. A al'adar Turai ta zamanin nan, in mutum biyu suka ga an taɓa mutuncinsu, su kan sa rana su fita bayan gari da ƙananan bindigogi su harbi juna, wanda ya ƙi fita kuwa ya zama abin kunya. Aka sa safiyar 30 ga Mayu.

Daren ranar ya zauna ya rubuta wa amininsa Auguste Chevalier doguwar wasiƙa. A kan ce wai a daren nan ya ƙago ilminsa duka, wannan kuwa ba haka ba ne, ga takardunsa nan tun na 1829. Taƙaitawa ya yi, amma a cikin taƙaitawar ya bayyana wata magana a kan kashi wadda ita ce mabuɗin al'amarin.

Ga yadda ta ke. A jikin agogo, ko ka tura 3 ka bi da 1, ko ka tura 1 ka bi da 3, wuri ɗaya za ka tsaya. A wajen musanya baƙi ba haka ba ne. A ce liman da alƙali da ma'aji suna zaune a jere a kan tabarmi uku. Musanya na tabarmar farko da na biyu, sa'an nan ka musanya na biyu da na uku, jerin zai zama alƙali, ma'aji, liman. Koma farko ka juya aikin, ka fara da musanya na biyu da na uku, sa'an nan na farko da na biyu, sai ya zama ma'aji, liman, alƙali. Aiki biyu ne ɗaya, amma wanda aka gabatar ya sake sakamako. Saboda haka ƙaramin rukuni yana da hanya biyu ta kasa babba: ko a fara yin ayyukansa a bi da aikin waje, ko a fara da aikin waje a bi da nasa.

Gwada da ƙaramin rukuni mai aiki 2, watau a bar baƙin yadda su ke, ko a musanya na farko da na biyu. Aikin waje shi ne musanya na biyu da na uku. Ta hanya ta farko kashin da zai fito shi ne liman, ma'aji, alƙali, da kuma alƙali, ma'aji, liman. Ta hanya ta biyu kuwa liman, ma'aji, alƙali, da kuma ma'aji, liman, alƙali. Kashin ya saɓa. Yanzu gwada da ƙaramin rukuni mai aiki 3, watau a bar su, ko kowa ya gusa tabarma ɗaya na gaba ya zagayo baya, ko a yi haka sau biyu. Ta kowace hanya ka bi, jeri ukun da suka rage su za su fito, kashin bai saɓa ba. Irin wannan rabo, inda hanya biyun suka yi daidai, shi Galuwa ya ware ya ce shi ne rabo na ƙwarai.

Abin da ya gano shi ne, kowace mas'ala tana da rukuninta, watau musanye-musanyen amsoshinta waɗanda ba su ɓata dangantakar da ke tsakaninsu. Fid da tushe kuma ba wani abu ba ne illa yi wa rukunin nan rabo na ƙwarai: tushe mai hawa biyu ya kasa shi kashi 2, mai hawa uku ya kasa shi kashi 3. Mas'ala tana warwaruwa in ana iya yi wa rukuninta rabo na ƙwarai, a ɗauki ƙaramin a sake yi masa, har a sauka kan 1, kuma a kowane mataki yawan kashin ya zama lamba marar rabuwa, irin 2, 3, 5, 7, waɗanda ba abin da ke raba su sai 1 da su kansu. A mai hawa uku, 6 ta sauka 3, 3 ta sauka 1. A mai hawa huɗu, 24 ta sauka 12, sai 4, sai 2, sai 1, shi ya sa Ferrari ya ci nasara ba tare da ya san dalili ba. A mai hawa biyar, 120 ta sauka 60, sai tsani ya yanke. Rukunin nan mai 60 yana da ƙananan rukunai da yawa, masu 12, masu 10, masu 6, amma ko ɗaya ba ya ba da rabo na ƙwarai, 60 kuwa lamba ce mai rabuwa. Katangar da masana suka yi ta karo da ita tun 1545 ke nan. A ƙarshen wasiƙar ya roƙi Chevalier ya nemi manyan masanan Jamus biyu, Gauss ko Jacobi, su faɗi a fili ko aikin yana da muhimmanci.

Da gari ya waye aka fita, aka harbe shi a ciki, aka bar shi kwance. Wani mai wucewa ya tsince shi, aka kai shi asibitin Cochin, ya cika washegari, 31 ga Mayu 1832, ƙanensa Alfred yana kusa da shi. Aka binne shi a kabarin gayya a maƙabartar Montparnasse.

Chevalier ya cika amana. Ya sa aka buga wasiƙar a wata mujalla a watan Satumba na shekarar, shi da Alfred suka kwafe takardun suka aika wa masana, amma shiru. Sai bayan shekara 11, a 1843, Joseph Liouville ya tsaya gaban Majalisar nan da ta mai da takardar baya, ya ce ya duba ya ga aikin daidai ne. A 1846 ya buga shi a mujallarsa, duka-duka shafi 60 da 'yan kai. A 1854 Arthur Cayley na Ingila ya nuna ba lalle sai musanya amsoshi ne rukuni ba, kowane irin tarin ayyuka in ya cika sharuɗɗa ya shiga, shi ya sa agogo ya sami shiga wannan labari. A 1870 Camille Jordan ya wallafa babban littafi a Faris inda ya cike tsanin da Galuwa ya tsallake. Kalmar koset, wadda masu jin Ingilishi ke kiran kashi da ita, wani Ba'amurke ne, G. A. Miller, ya ƙago ta a 1910.

Daga baya ilmin ya fita daga hannun masu warware mas'ala ya shiga wurare da dama. A 1891 wani Barashe, Fedorov, da wani Bajamushe, Schoenflies, suka yi amfani da rukuni suka ƙididdige cewa tsarin da ƙwayoyin abubuwa irin gishiri da lu'ulu'u ke iya jeruwa a kai iri 230 ne. A 1956 kuma David Slepian, na ɗakin binciken kamfanin tarho na Bell a Amurka, ya sa kashi a aikin aika saƙo ta waya. A kan zaɓi alamun da aka yarda a aika su zama ƙaramin rukuni. In hayaniyar hanya ta gurɓata saƙo, sai ya fice daga ƙaramin rukunin ya faɗa wani kashi, na'urar da ta karɓa kuwa ta duba kashin da ya faɗa, daga nan ta gane kuskuren da ya fi kusa, ta ɗebe shi ta mai da saƙon yadda aka aiko.